Yaron da zazzaɓi ya taɓa wa hankali ba ya jiran gari ya waye

Na dawo daga wata ta'aziyya a bayan Shari'u Mansur, nan Makka, raina a ɓace, kuma ba rasuwar kaɗai ce ta ɓata shi ba.

Yaro ne ɗan shekara uku. Ranar Lahadi yana guje-guje a lungu. Litinin mura ta kama shi da zazzaɓi. Daren Talata ya yi taune-taune, ya ɓingire da barci, aka yi tashin duniya ya ƙi tashi. Sai hantsin Laraba aka isa asibiti da shi. Ranar Juma'a aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Shara'i.

A kan darduma, ana zuba gahawa, kowa ya zama likita. Wannan ya ce kambun baka ne, don yaron ya cika kyau da ƙiba. Wancan ya ce ai da magariba aka bar shi a waje, iska ta shafe shi. Wani dattijo ya gyara zama ya ce shi dai tun da ya ji an ɗebi ruwan bayansa ya san magana ta ƙare. Uban yana gefe, kansa a sunkuye, da takardar asibiti a ninke cikin aljihun gaba. Babu wanda ya ce a kawo ta a karanta. Babu kuma wanda ya yi zancen daren Talatar nan, daga isha'i zuwa hantsi, da yaro ya kwana a ɗaki ba ya gane uwarsa.

Ba na ɗora wa iyayensa laifi. Abin da aka koya musu suka yi, kuma mu ne muka koya musu. Ra'ayina dai shi ne: duk yaron da ke zazzaɓi, sannan hankalinsa ya sauya, ko ya yi jijjiga bai dawo daidai ba, wurinsa ɗawari ne, sashen gaggawa na asibiti, a cikin wannan sa'ar. Tofi da rukiyya su bi shi a mota. Kuma sauƙaƙa wannan tafiyar ta tsakar dare aikinmu ne mu maza, da malamanmu, da dattawan unguwa, kafin ya zama aikin uwar da ke rungume da shi.

Ciwon da ke cikin takardar

Likitoci suna taƙaita sunansa da haruffa uku, ANE, wato acute necrotizing encephalopathy a Turance, ciwon da ke kashe sassan ƙwaƙwalwa farat ɗaya. Wani likitan yara ɗan Japan, Masashi Mizuguchi, shi da abokan aikinsa ne suka fara bayyana shi a matsayin ciwo mai zaman kansa a 1995. Da farko an ɗauka ciwon yaran Japan da Taiwan da Koriya ne, daga baya aka riƙa ganinsa ko'ina. Nan Saudiyya ma, a 2020 likitoci sun fitar da rahoton yara 12 da suka gani a manyan asibitocin ƙasar.

Yakan biyo bayan zazzaɓin ƙwayar bairos, galibi infuluwanza, murar nan mai kwantar da mutum. Wasu ƙwayoyin ma suna jawo shi, har da korona. Abin mamaki, sau da yawa ba a samun ƙwayar a cikin ƙwaƙwalwar. Garkuwar jikin yaron ce ke wuce gona da iri wajen faɗa, kamar maigadin da ya ga ɓera a shago ya cinna wa shagon wuta. Sinadaran kumburi su cika jini, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su fara yoyo, ƙwaƙwalwa ta kumbura, wasu sassanta su mutu. Inda aka fi samun ɓarnar shi ne talamus, wasu dunƙule biyu can tsakiyar kai, dama da hagu, waɗanda saƙonnin jiki ke bi ta cikinsu, kuma suna da hannu wajen riƙe mutum a farke. Shi ya sa yaron ke nutsewa cikin barcin da ba barci ba. Hoton MRI ne ke nuna tabon, iri ɗaya a ɓangarorin biyu.

Saurinsa ne abin tsoro. A 2025 mujallar likitanci ta JAMA ta buga bayanin yara 41 da suka kamu da shi bayan infuluwanza a asibitoci 23 na Amurka. Kusan uku cikin huɗunsu lafiyarsu ƙalau kafin nan, ba su da wani ciwo a ƙasa. Yara 11 suka rasu, kuma a tsaka-tsakin lissafi kwana uku ne daga fara zazzaɓi zuwa rasuwa. A Amurka ke nan, inda babu kayan aikin da aka rasa.

"Ciwon da ba a cika gani ba, don me za ka tsorata mata?"

Wani abokina ne ya faɗa mini haka, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Ciwon ba shi da yawa ko kaɗan. Likitan yara zai iya yin aiki har ya yi ritaya bai ga ko guda ba. Yaro dubu za su yi zazzaɓi a wannan hunturu su warke da farasitamol da ruwa da kwanciya.

Sai dai uwa a ɗaki ba sunan ciwo take gani ba. Yaro take gani jikinsa zafi rau, idonsa a kakkafe, ana kiran sunansa ba ya waiwayowa. Waɗannan alamu ba na ANE kaɗai ba ne. Haka sanƙarau ke zuwa, kuma mu mutanen Makka ba baƙinsa ba ne: ɓarkewar da ya yi a Hajjin 1987 ce ta sa aka wajabta wa alhazai allurarsa, ya sake dawowa da wani nau'in a 2000 da 2001. Haka zazzaɓin cizon sauro ke yi idan ya hau kai, ga yaron da aka dawo da shi daga hutu a Kano ko Maraɗi. Haka kumburin ƙwaƙwalwa na ƙwayar hafis ke yi, wanda ke da maganinsa takamaimai idan an fara da wuri. Kai, ko sukarin jini ne ya faɗi saboda yaro ya kwana biyu bai ci ba yana amai, haka zai yi laƙwas.

Dukkansu ƙofa ɗaya ake shiga da su, kuma dukkansu awa guda tana da tsada. Wasunsu ma sun fi ANE jin magani nesa ba kusa ba. Ke nan ƙarancin wannan ciwon bai ba kowa uzurin kwana da yaro a gida ba.

"Ai taune-taune ne, kowane yaro yana yi"

Nan ma akwai ƙamshin gaskiya. Tsakanin wata shida da shekara biyar, yara biyu zuwa biyar cikin ɗari sukan yi jijjiga idan zafin jiki ya hau. Yawanci ba ta kai minti biyar, yaro ya yi ɗan barci, ya farka yana kuka yana neman nono ko ruwa. Ba ta lalata ƙwaƙwalwa, kuma ba farfaɗiya ba ce. Kakanninmu sun ga irinta da yawa, shi ya sa Goggo za ta ce miki, "Kwantar da hankalinki, ubansa ma ya yi."

Abin da Goggo ba ta ƙara miki ba shi ne, ubansa ya farka.

Bambancin yana bayan jijjigar. Idan ta wuce minti biyar, ko ta dawo a rana ɗaya, ko gefe ɗaya na jiki ne kawai ke karkarwa, ko an doshi awa guda yaro bai dawo yadda kika san shi ba, an bar zancen taune-taunen gida. Akwai ma waɗanda ba sa jijjigar sam. Sai dai ki ga yaro yana sambatu, yana kallonki kamar baƙuwa, yana tangaɗi in ya miƙe, yana amai ba ƙaƙƙautawa, ko wuyansa ya sandare. Jinjiri kuwa ya ƙi kama nono, maɗigarsa ta kumburo. Wanda bai kai wata uku ba ma, zafin da ya kai 38 kaɗai ya isa a tafi.

Gwajin ba shi da wuya. Tashe shi. Kira sunansa. Nuna masa wayar da kullum yake kukan a ba shi. Yaron da zazzaɓi ya galabaitar zai buɗe ido, ya harare ki, ya yi ƙorafi, ya koma. Wanda ya buɗe ido bai gan ki ba, ko bai buɗe ba sam, ɗauki mayafinki.

Sai abin da hannayenmu ke yi a lokacin jijjigar, wanda shi ma na gani da idona. An danne yaro, an cusa masa cokali a baki wai kada ya haɗiye harshe, wata ta taho da man zaitun, wata da ruwan rubutu, ana ɗura masa yana kakari. Babu mai haɗiye harshensa. Amma wanda ba ya cikin hayyacinsa, abin da aka zuba masa a baki huhu yake tafiya. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa riga, a kawar da abin da zai buge, a dubi agogo. In akwai hannun da ba ya komai, ya ɗauki bidiyo da waya. Likita zai fi ƙaruwa da daƙiƙa talatin na bidiyon nan fiye da bayanin mutum biyar masu magana lokaci ɗaya.

Rukiyya

Nan ne na san za a taso mini, don haka bari in yi a hankali.

Ni ma ina tofa wa 'ya'yana Fatiha da Falaƙi da Nasi. Kambun baka gaskiya ne, hadisi ya tabbatar. Ba ni da faɗa da malamin rukiyya. Faɗana da jerin da muka tsara wa kanmu ne: a fara da hayaƙi da habbatus-sauda, in bai yi ba a kira Malam, in Malam ya karanta bai yi ba a jira asuba a gani, in gari ya waye abin ya faskara sai a ce to a gwada asibiti. Wa ya ce dole sai ɗaya ya gaza kafin a nemi ɗaya? Ayar da za a karanta a falo, za a iya karanta ta a kujerar bayan mota, da bakin ƙofar ɗawari, da gefen gadon da aka sa masa ƙarin ruwa. A nan ƙasar babu ma'aikaciyar jinyar da za ta hana ka karanta Alƙur'ani a kan ɗanka.

Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita, ya yi masa aiki a jijiya. Ubayyu fa, wanda aka shaida ya fi sahabbai iya karatun Alƙur'ani. Da karatu yana hana neman likita, da shi ne farkon wanda za a bari da karatunsa.

Wani zai kawo hadisin zazzaɓi, cewa daga hucin Jahannama yake, a sanyaya shi da ruwa. A wata ruwayar Bukhari ma, a nan Makka Ibnu Abbas ya ce wa wani almajirinsa ya sanyaya nasa da Zamzam. To madalla, a shafa wa yaro ruwa mai ɗan ɗumi, ba na firiji ba. Amma almajirin nan baligi ne da ya san inda kansa yake, ba jinjirin da ya daina gane uwarsa ba.

Abin da nake roƙon malamanmu kalma ce guda. Idan aka buga maka waya ƙarfe ɗayan dare aka ce, "Malam, yaro ne ya sanƙame," tambayarka ta farko ta zama, "Da zazzaɓi?" In an ce e, ka ce, "Ku wuce asibiti yanzu, ina karanta masa daga nan, mu haɗu can." Wallahi maganarka a wannan lokacin ta fi ta likita goma nauyi a kunnen uwar nan. Akwai malaman da ke yin haka, Allah Ya saka musu. Akwai kuma wanda zai zo ya tarar da yaro yana fisge-fisge da sambatu, ya ce aljanin ne ke magana, ya zauna yi masa tambayoyi har a kira assalatu. Sambatun kumburin ƙwaƙwalwa ne yake hira da shi.

Dare, miji, takarda, kuɗi

Wanda ke zaune a Kaduna yana karanta wannan zai ce, ku da kuke Saudiyya, ga asibitoci kamar otal, me ya hana ku? Mu da ke ciki mun san me ya hana.

Na farko, maigida ba ya nan. Direba ne yana hanyar Madina da masu Umara, ko mai gadi ne a wani gini a Jidda, ko wayarsa na kashe don yana bakin aiki. Matar ta taso da tarbiyyar cewa ba a fita sai da izini, balle da dare. Ta kira sau bakwai bai ɗauka ba, sai ta zauna tana jiƙa tsumma. Wannan kam laifinmu ne mu maza, kuma gyaransa bai kai minti ɗaya ba. Yau da daddare ka ce mata, "Maman Abba, duk ranar da yaro ya yi kaza da kaza, kada ki jira ni. Na ba ki izini tun yanzu. Ga kuɗin mota a nan." Ka faɗa a gaban mahaifiyarka in tare kuke, don kada gobe a ce ta yi gaban kanta.

Na biyu, mota. Lambar motar is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya ta hukumar agaji ta Hilal Ahmar, ita ce 997, kuma 911 tana aiki a yankin Makka. Ma'aikatar lafiya tana da 937, inda za ka samu likita ya saurare ka ko da tsakar dare. Amma lungunanmu da yawa mota ba ta shiga, wasu gidajen ma a kan dutse suke, sai an sauko matakala. Wata uwar kuma Larabcinta na kasuwa ne, in ta ruɗe ya gudu. Muna da ƙungiyoyin gari-gari, muna da adashi, muna da asusun biki da na kai gawa gida. Me zai hana kowace unguwa ta san direbobi biyu ko uku da aka amince a tashe su ko ƙarfe nawa ne, da matashi ɗaya haifaffen nan da zai bi su ya yi tafinta?

Kuma a wuce mustausaf, ƙaramin asibitin nan na bakin titi. Yana da amfaninsa ga tari da ciwon kunne. Yaron da hankalinsa ya gushe yana buƙatar inda ke da hoton ƙwaƙwalwa da ɗakin kulawa ta musamman na yara. In ka tsaya a ƙaramin wuri, za su sa masa ruwa, su rubuta takardar tura ka gaba, awa biyu ta tafi.

Na uku shi ne wanda ba a faɗa da ƙarfi. Iƙama, takardar izinin zama, ta mutu ba a sabunta ba. Kafil, ubangidan da ya tsaya maka a takarda, ya yi ɓatan dabo. Yaro an haife shi a gida, ba shi da ko takardar haihuwa. Ko kuma komai na nan amma tamin ɗin, wato inshorar lafiya, ba ya ɗaukar iyali. Wannan tsoron na gaske ne, kuma wanda bai taɓa sauya hanya don ya hango motar jawazat, jami'an shige da fice, ba, kada ya yi wa mai shi wa'azi. Abin da zan ce kawai: dokar asibitocin kuɗi ta ƙasar nan ta wajabta musu ba da agajin gaggawa ga wanda rayuwarsa ke cikin haɗari kafin su nemi ko riyal ɗaya. Lissafi zai biyo baya, yana iya yin nauyi, tambayoyi ma suna iya biyowa. Amma bashi ana biyansa a hankali, ana yin karo-karo, ana zuwa wurin masu hali. Ko tarhil ne, wato a mayar da mutum ƙasarsa, mutum yana sauka Kano da ɗansa a kafaɗa. Na ga yadda muke haɗa dubban riyal cikin yini ɗaya idan an yi rasuwa. Rabin wannan himmar ake nema tun yaron yana numfashi.

"Ko an kai su ma mutuwa suke yi"

Wasu suna mutuwa, e. Na kawo lissafin Amurka da kaina. Cikin waɗanda suka rayu ma, kusan biyu cikin uku suna ɗauke da naƙasa matsakaiciya ko mai nauyi bayan wata uku. Ba zan yi wa kowa alkawarin da likita bai yi ba.

Amma mafi yawansu sun rayu, kuma akwai waɗanda suka koma tafiya da ƙafafunsu. Abin da ake yi musu kuwa duk tsere ne da lokaci. Ana ba da maganin kashe kumburi mai ƙarfi ta jijiya, irin da ake kira siteroyid. Wani bincike na Japan a 2009 ya nuna yaran da aka fara wa shi cikin awa 24 na farko sun fi samun sauƙi, matuƙar ɓarnar ba ta kai ga tushen ƙwaƙwalwa ba. Ana ƙara musu sinadarin garkuwa, wani lokaci a tace ruwan jininsu, ko a ba da maganin da ke toshe ɗaya daga cikin sinadaran kumburin. Ana ba da maganin infuluwanzar kanta. Ana tsayar da jijjiga, ana sa na'urar numfashi, ana rage matsin da ke cikin ƙoƙon kai, wanda shi ne ya kashe kusan duk waɗanda suka rasu a rahoton nan na Amurka. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a yinsa a kan katifar ɗaki. Awa 24 ɗin nan kuwa, idan yaro ya kwana a gida, rabinta ta riga ta tafi.

Sai maganar dattijon nan ta ruwan baya, wadda ta yaɗu a cikinmu har iyaye na ƙin sa hannu. Ana ɗibar ɗan ruwa ne daga ƙasan gadon baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare, don a gane ko sanƙarau ne ko waninsa. A ANE ruwan yakan nuna furotin ya hau amma babu tarin ƙwayoyin yaƙi, a sanƙarau kuwa suna cika shi. Magungunan sun bambanta, dole a san wanne ake yaƙa. In likita ya ga kai ya kumbura sosai, shi da kansa yake ɗage gwajin. Dalilin da ya sa muke haɗa shi da mutuwa a fili yake: yaran da ciwonsu ya yi tsanani ake yi wa, kuma mu sai ya yi tsananin muke kai su.

Ajali kuwa ba ni da ta cewa a kansa. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya tsaya tsakiyar titin Sittin ya ce in da sauran kwana mota ba za ta buge shi ba.

Abin da muke saya a saidaliyya, shagon magani

Akwai wata ɗabi'a da muka ɗauka a nan. Zazzaɓi ya ƙi sauka, sai maƙwabciya ta ce, "Sa masa tahamila mai ƙarfin nan, yanzu zai yi gumi." Tahamila ita ce maganin da ake cusawa ta dubura, sau da yawa kuma diklofenak ce. Tana saukar da zafi kam, nan take. Amma a Japan, da aka bi diddigin yaran da infuluwanza ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, an ga mutuwa ta fi yawa cikin waɗanda aka ba diklofenak ko mefenamik, har hukumomin lafiyarsu suka taka wa ba da su birki a irin wannan hali tun farkon shekarun 2000. Ba a ce su ne ke haddasa ciwon ba. An dai ga suna tafiya da mummunan ƙarshe, kuma wannan ya ishi mai hankali.

Asfirin kuma tsohon labari ne. Akwai ciwon Reye, ɗan'uwan wannan a kama, mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa bayan mura ko ƙarambau, wanda wani likita a Ostireliya ya bayyana a 1963. A 1980 an lissafa yara 555 da suka kamu a Amurka. Da aka gano alaƙarsa da asfirin aka gargaɗi iyaye, sai ya koma 'yan ƙalilan a shekara. Har yau akwai jakar Hajiya da za ka buɗe ka samu asfirin da ƙullin garin magani marar suna da aka aiko daga gida, ana gutsura wa jika.

Farasitamol, gwargwadon nauyin yaro, shi ne abin farawa. A kuma sani cewa saukar zafi ba warkewa ba ce. Yaron da jikinsa ya yi sanyi amma har yanzu ba ya gane mutane, ya fi wanda ke 39 yana wasa da cokali haɗari.

Allurar mura

A wancan rahoton na Amurka, cikin yaran da aka san tarihin rigakafinsu, kashi 16 cikin ɗari ne kawai aka yi wa allurar infuluwanza ta shekarar. Allurar ba katanga ba ce, wani yakan yi ta ya kamu. Amma tana rage kamuwa, tana rage tsanani, kuma ciwon da muke magana ba ya zuwa sai ta bayan zazzaɓin. Ana yin ta daga wata shida, kowace shekara kafin sanyi, a markaz sihhi, cibiyar lafiya ta unguwa, ana kama layi ta manhajar Sehhaty. Yaron da bai kai shekara tara ba, in karon farko ne, sau biyu ake yi masa, da tazarar mako huɗu.

Mu da muke zaune a garin da duniya ke zuwa ta yi tari a sahu ɗaya, wata goma sha biyu, mu ne ya kamata mu fi kowa cika layin nan. Ubannin yaranmu su ne masu tura keken tsofaffi a Safa da Marwa, su ne direbobi, su ne masu aski. Abin da alhajin Indunusiya ko na Turkiyya ya zo da shi a maƙogwaro, da daddare yana ɗakinmu. Na san tabon 2003 bai gama warkewa ba, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, kuma har yanzu akwai mai jin kalmar allura ya tuna da zancen hana haihuwa. Amma wannan allurar ita ce 'yan ƙasa ke kai nasu 'ya'yan a yi musu, a ɗaki ɗaya, daga kwali ɗaya.

Gidan da abin ya maimaita

Akwai gidajen da yaro zai tafi ta wannan hanya, bayan shekara biyu ƙaninsa ya bi shi, ko wanda ya tsira ya sake kamuwa a wani zazzaɓin. Kowa ya san abin da ke biyo baya a wurinmu. A fara kallon uwar. A ce ƙafarta ba ta da kyau, ko danginsu suna da maita, ko kishiya ce ta yi aiki. Aure ya mutu, a bar mace da makoki biyu da kuma suna.

A 2009 masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Derek Neilson, suka gano cewa a irin waɗannan gidaje akwai sauyi a wata ƙwayar gado da ake kira RANBP2. Kwafi ɗaya ya isa, daga uba ko daga uwa, don haka ba batun auren zumunci ba ne. Kuma kusan kashi 40 cikin ɗari ne na masu ɗauke da ita ke yin ciwon. Sauran suna girma lafiya, su yi aure, su miƙa wa 'ya'yansu ba su sani ba. Wato uban da danginsa ke nuna matarsa da yatsa, yana iya zama shi ne ya kawo abin gidan. Shi ma ba laifinsa ba ne.

Yawancin yaran da suka yi ANE ba a samun wannan sauyin a jikinsu. Amma inda aka samu, sanin yana sauya komai: a gwada 'yan'uwan yaron, a yi wa gidan duka allurar mura kowace shekara, kuma zazzaɓin farko a nufi babban asibiti da takarda a hannu, ba sai an jira jijjiga ba.

Likita zai tambaye ka ko an taɓa yin irin haka a dangi, kuma yawancinmu "a'a" muke cewa, don a gidajenmu ba a lissafa yaran da suka rasu, ba a ma son ambatonsu. Tsofaffin mata ne ke riƙe da wannan tarihin. Tun suna raye, a zauna da su a tambaya da ladabi: "Inna, ƙannen Baba da suka rasu suna ƙanana, da zazzaɓi suka fara? Sun yi taune-taune? Kwana nawa suka yi?" Abin da ta faɗa a rubuta shi, a ajiye tare da katin rigakafin yara.